Yadda Ake Tsara Allon Matuƙin Jirgin Sama Domin Ya Karantu a Lokacin Ruɗani

Tun da aka buɗe Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura na ga sha'awar matasanmu ga harkar jiragen sama ta ƙaru, kuma a cikin waɗanda suka iya rubuta manhajar kwamfuta akwai masu gwada zana allon da matuƙi ke dubawa yayin tuƙi. Kwanakin baya wasu ɗalibai uku suka kawo mini nasu a nan Katsina, sun ƙawata shi da launuka tara da lambobi sama da arba'in. Na ce su ɗauko kwamfutar mu fita tsakar gida, lokacin kuwa ƙarfe biyu na rana ne, sannan na tambaye su gudun jirgin nawa ne. Babu wanda ya iya karantawa sai da ya kare allon da inuwar hannunsa. Babban cikinsu ya ce, "Malam, ai a ofis yana fitowa tangaram." Na ce masa matuƙi ba a ofis yake aiki ba, kuma wanda za ku zana wa allon mutum ne da ya gaji, rana na dukan fuskarsa, ƙararrawa na kaɗawa, yana da daƙiƙa biyu kacal ya gane abin da ke faruwa. Wannan bayani na rubuta shi ne domin su da ire-irensu.

Ku fara da tambayoyin matuƙi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tattara dukan abin da na'urorin awo ke bayarwa ya jera a allo. Jirgin zamani yana auna dubban abubuwa, matuƙi kuwa a kowane lokaci tambayoyi huɗu ne a gabansa: yaya jirgin ya karkata, gudunsa nawa, tsayinsa nawa, kuma ina ya dosa. Kafin ku taɓa kwamfuta ku ɗauki takarda ku raba tafiya kashi-kashi, daga gudu a kan titin jirgi zuwa tashi, hawa, tafiyar sama, gangarowa da sauka, sannan a ƙarƙashin kowane kashi ku rubuta abin da matuƙi zai yanke hukunci a kai. Duk lambar da ba ta taimaka wa wani hukunci ba, ku mayar da ita shafi na biyu inda za a neme ta idan an buƙata. Lokacin da kamfanin Boeing ya fito da jirgin 747-400 a 1989, ya rage fitilu da agogunan awo da makunnan ɗakin tuƙi daga 971 zuwa 365, ya kuma rage ma'aikatan ɗakin daga uku zuwa biyu. Ragewa ita ce rabin aikin.

Abubuwan nan huɗu suna da mazauni na dindindin da aka gada tun zamanin agoguna masu allura: karkatar jirgi a tsakiya, gudu a hagu, tsayi a dama, alƙibla a ƙasa, su ba da siffar harafin T. Dokokin tabbatar da ingancin manyan jirage a Amurka da Turai sun wajabta wannan jeri, don haka ba wurin nuna gwaninta ba ne. Uwargida takan laluba gishiri a madafarta ko an ɗauke wuta, saboda shekara da shekaru yana wuri guda, kuma haka idon matuƙi yake zuwa hagu da kansa idan yana neman gudu.

Hoton da ke tsakiya ya fi kowanne muhimmanci. Rabinsa na sama shuɗi ne, na ƙasa ruwan ƙasa, layin da ya raba su yana wakiltar inda sama ta haɗu da ƙasa. A tsarin ƙasashen Yamma alamar jirgin tana tsaye cak, layin ne ke juyawa, amma a tsarin tsohuwar Tarayyar Sobiyat layin ne ke tsaye, alamar jirgin ke karkata. Kowanne yana da hujjarsa, sai dai wanda ya saba da ɗaya aka ba shi ɗayan yana iya juya jirgi ta ɓangaren da bai kamata ba idan hankalinsa ya tashi. Masu bincike sun ambaci wannan bambanci a haɗarin jirgin Crossair kusa da Zurik a watan Janairun 2000, inda mutum 10 suka rasu, da kuma haɗarin Boeing 737 a birnin Perm na Rasha a watan Satumbar 2008, inda 88 suka rasu. Matuƙanmu da ke samun horo a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da sauran wurare sun saba da tsarin Yamma, saboda haka shi za ku bi, kuma ku sa ƙaramar kibiya da ke nuna inda sama take a kowane hali.

Lamba da allura

Tsohon agogon tsayi yana da allurai uku, ɗaya ta ɗaruruwan ƙafa, ɗaya ta dubbai, ɗaya ta dubun goma. A gwajin da Walter Grether ya wallafa a 1949, matuƙa sun yi kuskuren ƙafa 1,000 ko fiye a sama da kashi 10 cikin ɗari na karatunsu, kuma kowane karatu ya ɗauke su kusan daƙiƙa bakwai. Lamba rubutacciya ta magance wannan, amma ta zo da tata matsalar, domin lamba tana faɗin inda kake ne kawai, ba ta nuna inda za ka. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma wannan kima ita ce allura ke bayarwa: ko da gefen ido aka kalle ta an san tana hawa ko tana sauka, a hankali ko da sauri. Shi ya sa allon zamani yake haɗa biyun, wato ma'auni mai zamewa sama da ƙasa kamar tef ɗin tela, da babbar lamba a akwati a tsakiyarsa. Ku ƙara kibiya a gefen ma'aunin gudu mai nuna inda gudun zai kai nan da daƙiƙa 10 idan ba a canza komai ba, kamar yadda jiragen Airbus da Boeing suke yi, ku kuma shafa launi a kan iyakar gudu ta sama da ta ƙasa.

Kada lambobi biyu masu ma'ana daban su yi kama da juna a taga guda, wato ƙaramin akwatin da lamba ke fitowa a ciki. Ranar 20 ga Janairun 1992 wani jirgin A320 na kamfanin Air Inter ya daki dutse kusa da Sitarasbog a Faransa, mutum 87 cikin 96 suka rasu. Abin da masu bincike suka fi karkata a kai shi ne matuƙan sun yi niyyar gangarowa da kusurwar digiri 3.3, amma na'urar tana kan tsarin saurin gangara, sai ta ɗauki abin da suka murɗa a matsayin ƙafa 3,300 a minti ɗaya, kusan ninki huɗu na abin da suke so. A tagar, na farko yana fitowa 3.3, na biyu yana fitowa 33. Ɗigo ɗaya ne bambancin, da dare, a lokacin da aiki ya yi musu yawa. Daga baya aka gyara tagar ta riƙa nuna saurin gangara da lambobi huɗu. Ku duba kowace taga a zanenku ku tambayi kanku ko akwai wani yanayi da za ta nuna wani abu daban da kusan siffa ɗaya.

Girman abu ma magana yake yi. A haɗarin Kegworth na Ingila a watan Janairun 1989 injin hagu ne ya lalace, matuƙan suka kashe na dama mai lafiya, mutum 47 suka rasu. Agogon da ke nuna jijjigar inji ya nuna gaskiya, amma ƙarami ne, kuma babu wani abu a jikinsa da ke jan ido idan awon ya wuce ƙa'ida.

Launi kuwa ku yi rowarsa. Ja na abin da ke buƙatar mataki nan take ne, ruwan ɗorawa na abin da ya kamata a sani yanzu a ɗauki mataki daga baya, kore na abin da ke aiki daidai, kuma doka ta keɓe na farko da na biyu ga gargaɗi. Idan kuka yi ado da ja a tambari ko a gefen akwati, kun rage masa kwarjini ranar da ake buƙatarsa. Sannan kowane launi ya zo da abokin shaida, ko rubutu, ko siffa, ko ƙyaftawa, domin hasken rana yana wanke launi, kuma ja da kore sukan rikice wa wasu idanu.

Rana, hazo da dare

A nan ne nake ganin ɗan Katsina ya fi wasu fahimtar matsalar, domin yana rayuwa a cikinta. Hasken rana tsaka yana kai wa kusan luks 100,000 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), a saman gajimare kuma babu abin da ke tare shi. Wani lokaci yana shigowa ta tagar gefe ya faɗa kan allon ya dusashe rubutu, wani lokaci yana gaban matuƙi, idonsa ya tsuke saboda haske, in ya sunkuyo ya ga allon ya yi duhu. Allon dole ya yi haske sosai, gilashinsa ya zama mai shafen hana ƙyalli, rubutun kuma ya zama mai kauri, fari ko mai haske a kan bango mai duhu. Siririn rubutu mai launin shuɗi a kan baƙi shi ne farkon abin da ke ɓacewa, don haka kada ku ɗora wata muhimmiyar lamba a kansa. Ku sani kuma wani nau'in tabarau mai tace haske yana iya mayar da allon baƙi ƙirin idan aka karkata kai.

Da dare matsalar takan juye. Ido yana ɗaukar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma walƙiyar allo mai haske sau ɗaya tana iya ɓata wannan sabo. Matuƙin da ke gangarowa da alhazai zuwa Filin Jirgin Saman Umaru Musa Yar'adua da tsakar dare, ƙasa a ƙarƙashinsa babu fitilu sai nan da can, yana buƙatar allon da zai dusashe ƙwarai ba tare da ja ya koma kama da ruwan ƙasa ba. Ku sa na'urar da ke daidaita haske da kanta, amma ku bar wa matuƙi maɓallin murɗawa, kuma kada mafi ƙarancin hasken ya kai ga gargaɗi ya ɓace.

Sai hazon hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura takan rufe sararin Katsina da Daura har sama da ƙasa su zama fari ɗaya, babu layin da ido zai kama. A irin wannan hali kunnen ciki, wanda ke gaya wa mutum ko a tsaye yake ko a karkace, yana yaudara, musamman idan jirgi ya daɗe cikin juyi a hankali, sai matuƙi ya ji kamar yana tafiya daidai alhali fiffike ɗaya ya yi ƙasa. Abin da zai cece shi shi ne ya yarda da allon fiye da jikinsa, allon kuma ya cancanci yardar. Hoton ya bi motsin jirgi ba tare da jinkirin da za a lura da shi ba, domin in ya makara matuƙi zai gyara fiye da kima, ya sake gyara gyaran, jirgin ya shiga lilo. Akwai alluna masu zana duwatsu da titin jirgi daga taswirar da ke ajiye a kwamfuta, suna da amfani a hazo, amma ni ina ganin a yi taka-tsantsan da su: hoton taswira ne, ba ya nuna motar da ta tsaya a kan titin, kuma kyansa yana iya sa mutum ya manta da haka. Zafi da ƙura ma suna cikin lissafi, tunda jirgin da ya wuni a fili a watan Afrilu, zafin waje ya haura digiri 40, cikinsa ya fi haka nesa. Ƙa'idar DO-160 ita ce ta tsara gwajin zafi da sanyi da jijjiga da ƙura ga irin waɗannan na'urori, kuma ya kamata ku san da ita ko da ba ku da ɗakin gwajin.

Gargaɗi da faɗin gaskiya

Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, haka ma matuƙi ba ya magance gargaɗi goma a lokaci guda. Ku jera saƙonni bisa haɗarinsu, mafi tsanani a sama, ku haɗa waɗanda tushensu ɗaya a ƙarƙashin saƙo guda. Ranar 4 ga Nuwambar 2010 injin wani jirgin A380 na kamfanin Qantas ya tarwatse bayan tashi daga Singafo, saƙonni suka yi ta kwarara, har matuƙan suka kwashe kusan minti 50 suna bin su ɗaya bayan ɗaya kafin su sauka da mutum 469 lafiya. Akwai kuma lokacin da shiru ya fi: a jiragen Airbus, daga gudun not 80 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) a kan titi har jirgi ya kai ƙafa 1,500, ana danne ƙananan saƙonni domin kada su ɗauke hankali. Haka nan fitilar maɓalli ta kasance a kashe muddin komai lafiya, domin duk wadda ta kama ta zama labari.

Sauti ɗaya kada ya ɗauki ma'ana biyu. A jirgin Helios da ya faɗi a Girka ranar 14 ga Agustan 2005, ƙahon da ke gargaɗin ƙarancin matsin iska a cikin jirgi shi ne dai wanda ke gargaɗin kuskuren shirin tashi. Matuƙan suka ɗauka na biyun ne, ƙarancin iskar shaƙa ya sumar da su, mutum 121 suka rasu.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne yadda allo zai yi idan bayanin da ke zuwa masa ya lalace. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: lambar ƙarya ko hoton da ya daskare ya fi baƙin allo haɗari, domin baƙin allo kowa ya san ya mutu. Idan na'urar awo ta daina aiko da bayani, ku cire lambar gaba ɗaya ku sa jan tambari a wurinta, idan kuma awon kyaftin da na mataimakinsa suka saɓa, allon ya faɗa. A jirgin Air France mai lamba 447, wanda ya faɗa Tekun Atalantika ranar 1 ga Yunin 2009 da mutum 228, ƙanƙara ta toshe bututun awon gudu. Daga baya, duk lokacin da awon ya yi ƙasa da not 60, kwamfuta takan ɗauki bayanin a matsayin marar inganci ta kashe gargaɗin cewa fiffike ya daina ɗaukar jirgi, in matuƙi ya sunkuyar da hancin jirgin, wanda shi ne daidai, gudu ya ƙaru, sai gargaɗin ya dawo. Tsarin ya zama kamar yana tsawatar masa a kan gyara. Ku bi kowane gargaɗi a zanenku ku ga a wane hali yake yin shiru, ku tabbata shirunsa ba zai zama kamar albishir ba. Dole kuma a sami ƙaramin allo na ko-ta-kwana mai nasa awon da nasa batirin. Manhajar irin wannan allo ana tantance ta da ƙa'idar DO-178C, kuma lalacewar da za ta iya hallaka jirgi ana so yiwuwarta kada ta wuce ɗaya cikin biliyan a kowace awar tafiya.

Na'urar tuƙi mai sarrafa kanta tana da yanayoyi da yawa, tana kuma sauya su wani lokaci ba tare da an umarce ta ba. Layin da ke saman allo shi ke faɗin wanda take ciki, kuma idan ya sauya akan zagaye shi da akwati na daƙiƙa 10. A San Faransisko ranar 6 ga Yulin 2013 matuƙan wani Boeing 777 na Asiana sun ɗauka na'urar tana riƙe musu da gudu alhali ta saki, gudun ya faɗo daga not 137 da ake so zuwa 103, jirgin ya daki katangar bakin teku. Layinku ya amsa abu biyu a kallo ɗaya: wa ke riƙe da gudu, wa ke riƙe da hanya. Gajerun kalmomin da ke wurin na Ingilishi ne saboda shi ne harshen sufurin sama na duniya, kuma duk da ƙaunar da nake yi wa Hausa, ban ba ku shawarar fassara su ba.

Allon taɓawa ya shigo jirage irin su Gulfstream G500, yana da kyau wajen taswira da shigar da hanya, amma yatsa ba ya samun wuri a gargadar iska. Tun 1943 masani Alphonse Chapanis ya gano matuƙan jirgin yaƙi B-17 suna janye tayoyi a maimakon falankin fiffike, wato ɓangaren bayan fiffike mai motsi, saboda maɓallan iri ɗaya ne, aka sa wa na tayoyi siffar taya, kuma har yau haka yake. Abin gaggawa ku bar shi a maɓallin da hannu zai gane ba tare da ido ba.

Gwaji

Manhajar FlightGear, wadda ke kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, kyauta ce, tana kuma iya aika bayanan tafiya zuwa allonku, don haka ba ku da uzurin gwada shi a tsaye. Ku nuna wa mutum allon na daƙiƙa biyu ku rufe, ku tambaye shi gudu da tsayi da ɓangaren da jirgin ya karkata. Ku maimaita a rana tsaka, da kuma a ɗaki mai duhu bayan ya zauna rabin awa. Ku buga hoton allon baƙi da fari ku ga ko gargaɗi yana nan a fili. Ku sa shi ya riƙa ƙirga baya daga 500 yana cire bakwai-bakwai yayin da yake tuƙi, sannan ku kashe awon gudu ba tare da sanarwa ba, ku auna daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya lura. Domin gargada, ku zauna a kujerar baya ta mota a kan hanyar ƙauye marar kwalta, wani yana tuƙi, ku gwada taɓa maɓallan. Kada masu zanen su gwada kansu, tunda sun san inda komai yake, kuma in kun sami matuƙi ko ɗalibin tuƙi ku ba shi ku yi shiru, ku rubuta duk inda ya yi jinkiri. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano a 2010 cewa ƙananan jirage masu allon kwamfuta ba su fi masu tsofaffin agoguna tsira daga haɗari mai kisa ba, ta kuma ja hankali ga horar da matuƙa a kan na'urorin, saboda haka rahoton gwajinku ya ƙunshi shafin da ke bayanin abin da sabon mai amfani zai koya.

Ɗaliban nan uku sun dawo bayan mako biyar da launuka biyar da lambobi goma sha huɗu. A cikin mutum takwas da suka gwada, bakwai sun karanta gudu da tsayi daidai a rana, amma biyar ba su lura awon gudu ya mutu ba sai bayan daƙiƙa 20, domin tambarin da suka sa ƙarami ne kuma tsohuwar lambar tana nan a bayansa. Yanzu suna cire lambar, za su kuma sake gwajin idan hazo ya sauka.